Na'urar da Jirgin Ruwa Ya Yasar, Mota Ta Tsinta

Mota mai giya otomatik takan tsaya cik a danja, tana cikin giya, kuma inji bai mutu ba. Na'urar da ke ba da damar hakan, wadda ake kira konbata, ba don mota aka ƙirƙiro ta ba.

A shekarar 1905, injiniya Bajamushe Hermann Föttinger, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen ruwa na Vulcan a birnin Stettin, ya yi rajistar wata dabara. Injin tururi na jirgi yana juyawa da tsananin gudu, alhali farfela juyi a hankali take bukata, amma mai ƙarfi. Maimakon ya haɗa su da ƙarfe, sai ya haɗa su da ruwa.

Hikimar ta yi kama da fanka biyu da ke fuskantar juna: in aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. A cikin konbatar mota, mai ne a madadin iska. Fankar da ke jikin inji tana watsa man, shi kuma ya juya wadda ke jikin giya. Fanka ta uku da ke tsakaninsu tana karkata man da ke dawowa don ya taimaki ta farko. Da haka ƙarfin murɗawa yakan kusan ninkuwa lokacin tashi.

Sai dai ruwa yana da santsi, kuma wani kaso na ƙarfin yakan salwanta ya zama zafi. Da aka ƙware wajen yanka haƙoran giya, masu jiragen ruwa suka koma gare su, domin asararsu ba ta kai haka ba.

Santsin da jirgi ya ƙi, shi mota take nema. A Ingila, Harold Sinclair ya daidaita dabarar da ababen hawa, kamfanin Daimler ya sa ta a motocinsa a 1930. A Amurka, Hydra-Matic ta General Motors ta fito a 1939, amma ba ta da fanka ta uku. Cikakkiyar konbata ta shiga motocin Buick a 1948 da sunan Dynaflow: tafiya sumul, shan mai kuwa ba a magana.

Packard ya kawo magani a 1949: wani kuloci da ke manne fankokin biyu idan mota ta miƙe hanya. Fetur na da araha, don haka dabarar ba ta yaɗu ba. Sai da rikicin mai na 1973 ya girgiza Amurka, sannan Chrysler ya farfaɗo da ita a 1978.

A kan wannan sulhu ake har yau: mai ne ke ɗaukar mota daga tsaye, ƙarfe ya karɓe shi a kan babbar hanya.