Tarihin Ruwan Tumbi Mai Narkar da Nama

 Yau hirarmu a kan tumbi take. Mutum ya ci tsire da dare, da safe ba sauran nama a cikinsa. Mi ya narkar da shi?

A da, wasu masana na cewa tumbi niƙa yake yi kamar dutsin niƙa. Wasu na cewa abinci ruɓewa yake yi a ciki. Gardama ta daɗe ba mai hujja.

A shekara ta 1752, wani Bafaranshe mai suna Reyomir ya kawo hujja ta farko. Yana da shirwa a gidansa. Ya sa nama cikin ƙaramin bututun ƙarfe mai huda-huda, ya ba ta ta haɗiye. Da ta amayo shi, bututun bai lotse ba, amma naman ya fara narkewa. Ashe ba niƙa ba ce, ruwa ne ya shiga ta hudojin ya yi aikin.

Saura a gani ga ɗan Adam. A 1822, a ƙasar Amurka, harbin bindiga ya samu wani saurayi a ciki. Likitan soja Wiliyam Bomont ya yi jinyarsa har ya warke, sai dai ramin bai rufe ba. Ta wannan rami likitan ya riƙa zura nama ɗaure da zare, ya jawo shi bayan awa ɗaya ko biyu, ya duba. Ya buga littafinsa a 1833.

A 1836, wani Bajamushe, Tiyodor Shuwan, ya gano cewa ban da tsami, akwai wani sinadari a ruwan tumbi. Ya sa masa suna pepsin. Aikinsa shi ne yayyanka abinci mai gina jiki, irin su nama, ƙwai, wake da madara, don hanji ya ƙarasa. A 1930, Jon Nortrop na Amurka ya tace shi tsantsa, aka ba shi kyautar Nobel a 1946.

To, tumbi ma ai nama ne. Don mi ba ya narkar da kansa? Jiki na fitar da pepsin kamar wuƙa cikin kube, sai ya gamu da tsami yake fita. Kuma akwai yauƙi da ya lulluɓe bangon tumbi. Idan wannan kariya ta lalace, sai gyambon ciki ya kama mutum. Wanda ke jin zafin ciki kullum, ya je asibiti kada ya jira.

Pepsin tsoho ne ƙwarai. Akwai shi ga kifi, kwaɗo, tsuntsu da dabbobin gida, don asalinsu ɗaya tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Daga baya danginsa suka rarrabu, kowa da aikinsa. Ɗaya daga cikinsu yana tumbin maraƙi da ɗan akuya masu shan nono. Shi yana daskarar da madara ne, don ta daɗe a ciki ta narke sannu. Da shi matan makiyaya na Azawak da Abzin ke kama madara su yi cukun da muke saye a kasuwar Tawa. Sun san aikinsa tun kafin masana su sa masa suna.

Mu kwana nan. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.