Ranar Da Haske Ya Haɗu Da Haske Aka Samu Duhu

Kowa ya san idan aka kunna fitila biyu a ɗaki, hasken ƙaruwa yake yi. To amma mai karatu, an yi wani mutum da ya ce wani lokaci haske kan haɗu da haske a samu duhu, kuma maganar nan ta kusa zubar masa da mutunci.

Sunansa Thomas Young, likita ne ɗan Ingila da aka haifa a 1773. A zamaninsa, in dai zancen haske ne, daga bakin Isaac Newton ba a ƙara cewa komai. Shi kuwa Newton a littafinsa Opticks na 1704 ya karkata ga cewa haske 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne masu tafiya a miƙe. A 1801 sai Young ya tsaya gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ya ce haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. Jefa tsakuwa biyu cikin kududdufi ka gani: inda tudun wannan igiya ya faɗa cikin kwarin waccan, sai ruwan ya kwanta lamo. A 1803 ya shigo da hasken rana ta wata 'yar huda, ya raba shi biyu da siririn kati, sai ga layukan haske da na duhu cikin inuwar. Da ya tare hasken gefe ɗaya, layukan suka ɓace.

Maimakon yabo, sai Henry Brougham ya yi masa kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review, bai ko sa sunansa ba. Young ya buga ɗan littafin raddi, an ce kwafi ɗaya tak aka saya.

Gaskiyar sai ta ɓullo daga Faransa. Augustin Fresnel, injiniyan hanyoyi da gadoji, ya shiga gasar Cibiyar Kimiyya ta Paris a 1818 da lissafin igiyar haske. Cikin alƙalan akwai Siméon Poisson, wanda ke bin ra'ayin Newton. Ya duba lissafin ya ce in haka ne, dole a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwar faifai, wanda a ganinsa hankali ba zai ɗauka ba. François Arago ya gwada da ɗan faifan ƙarfe, sai ga ɗigon tsakiyar inuwa tangararan. Ramin da Poisson ya haƙa, shi ya faɗa ciki. Fresnel ya ci gasar a 1819, tarin fuka ya kashe shi a 1827 yana ɗan shekara 39.

Zancen bai tsaya nan ba. A 1910 Paul Ehrenfest ya nuna cewa lantarki zai iya motsi ba tare da ya fitar da haske ba, in an tsara motsin yadda igiyoyinsa za su kashe juna a waje. A 1957 Yakov Zeldovich na Tarayyar Sobiyet ya bayyana wani tsari mai alaƙa da wannan, wanda ake kira anapol. A 2015 masu bincike suka nuna irin wannan hali a 'yan ƙananan fayafayan silikon: ƙarfin hasken na taruwa a ciki, daga nesa kuwa da ƙyar ake ganinsu.

In kana sanye da tabarau mai shafen hana ƙyalli, duhun nan na Young ne a kan hancinka.