Daga ajiya zuwa nuni: tarihin ayyukan al'adu a Taskar Littattafai ta Ƙasar Faransa

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu tsaya kan suna. Abin da Faransawa suke kira bibliothèque nationale, maƙwabtanmu na Nijeriya sun aro masa kalmar laburare, wasu daga cikin malamanmu kuma suna cewa ɗakin karatu. Mu a cikin wannan takarda mun zaɓi mu ce taskar littattafai ta ƙasa, domin taska wurin ajiya ce, ajiya kuwa ita ce aikin da aka kafa irin wannan gida dominsa. To amma wanda ya duba jadawalin taskar Faransa a yau zai tarar da nune-nune, da laccoci, da zaman karanta littafi a gaban jama'a, da nuna silima. Abin da muke so mu bi sawunsa shi ne yadda mai tsaron rumbu ya koma mai kiran baƙi. Za mu ga cewa duk lokacin da aka buɗe wata sabuwar ƙofa a gidan, an yanke shawara ne a kan su wane ne jama'a, da kuma abin da ya cancanci a sa a gabansu. Shawarar ta shafe mu, tunda akwai kayanmu a cikin rumbun.

Asalin gidan na sarauta ne. A watan Disamba na 1537 Sarki François na Ɗaya ya yi dokar Montpellier, wadda ta wajabta wa masu buga littattafai su ajiye kwafi guda na duk abin da suka buga a taskar sarki. Dokar ta yi maganar abin da zai shiga, ba ta damu da wanda zai karanta ba. Sai a 1692 aka fara barin masana su shiga, a 1720 kuma aka ware wa sauran jama'a rana guda a mako. Juyin juya halin 1789 ya sauya wa gidan suna daga na sarki zuwa na ƙasa, ya kuma cika shi da littattafan da aka ƙwace daga gidajen ibada da na masu sarautar da suka gudu. Sunan ya sauya, ƙofar ba ta ƙara faɗi sosai ba. Ko babban ɗakin karatun da Henri Labrouste ya gina, wanda aka buɗe a 1868, na masu katin izini ne.

Nuni na sosai ya fara ne a 1878, lokacin da Léopold Delisle, shugaban gidan, ya jera zaɓaɓɓun rubuce-rubucen hannu da tsofaffin bugu a zauren da ake kira Galerie Mazarine, a shekarar da Paris ta karɓi babban baje kolin duniya. Wannan nuni ne irin na mai dukiya: a zo a gani, kada a taɓa. Littafin da aka sa cikin akwatin gilashi a buɗe yake a shafi guda, kuma mai kula da shi ne ya zaɓi shafin. Mai kallo yana ganin takarda da zayyana da kyawun rubutu, ba ya karanta littafin.

Wanda ya mai da nuni ya zama siyasar gidan shi ne Julien Cain, wanda ya karɓi shugabanci a 1930. A zamaninsa aka saba da shirya nune-nune na ɗan lokaci a kan marubuci guda, ana haɗa su da cikar shekarun haihuwarsa ko mutuwarsa ko fitowar wani aikinsa: Goethe a 1932, Descartes a 1937. Ana tattaro wasiƙu da daftarin farko da hotuna, a buga littafin jagora wanda masu bincike suke komawa gare shi ko bayan an kwashe nunin. Ta haka taskar ta shiga aikin tsara jerin manyan marubutan ƙasa, aikin da a da na lakwal ne da na jami'a. Tarihin Cain kansa ya nuna cewa gwamnati ta san nauyin wannan kujera. A 1940 gwamnatin Vichy ta tuɓe shi saboda Bayahude ne, ta ɗora Bernard Faÿ; an kama shi a 1941, an kai shi sansanin Buchenwald a 1944. Ya tsira, ya dawo kujerarsa a 1945, ya riƙe ta har 1964.

A nan za mu ɗan ratse, domin mu masu nazarin harshe akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fi jan hankalinmu, wato shigar murya cikin gidan takarda. A 1911 Ferdinand Brunot, masanin tarihin harshen Faransanci, ya kafa Archives de la parole a jami'ar Sorbonne, da taimakon Émile Pathé mai kamfanin faifai. Ya ɗauki na'ura ya shiga ƙauyukan Ardennes a 1912, da na Berry da Limousin a 1913, yana naɗar karin harshen manoma da labaransu da waƙoƙinsu, a lokacin da lakwal ɗin Jamhuriya take ƙoƙarin raba yaransu da irin wannan magana. Magadan aikinsa sun naɗi muryoyin mutanen da aka kawo daga ƙasashen mulkin mallaka zuwa baje kolin Vincennes na 1931. A 1938 aka kafa Phonothèque nationale, wadda daga baya, a shekarun 1970, aka haɗe ta da taskar littattafai. Ma'ana, fiye da shekara 400 bayan dokar Montpellier kafin gidan ya karɓi maganar baka a matsayin abin ajiya kamar rubutu. Kuma muryoyin Afirka na 1931 da suka shiga ta wannan ƙofa, an naɗe su ne a wurin da masu su suke abin kallo.

Matsin lamba na gaba daga waje ya zo. A 1977 aka buɗe Cibiyar Pompidou da ɗakin karatunta na jama'a, inda ake shiga ba kati ba kuɗi, kuma layin masu jiran shiga ya nuna cewa akwai masu karatu da yawa waɗanda tsohon gidan bai taɓa lissafawa da su ba. Ran 14 ga Yuli 1988 Shugaba François Mitterrand ya sanar da gina sabuwar taska. Dominique Perrault ne ya zana ginin, mai dogayen benaye 4 a bakin kogin Seine. An ƙaddamar da shi a 1995, an buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1996. A wannan karon tun a zane aka tanadi zaurukan nuni da na taro, da sashen gani da saurare, da hawa guda na ɗakunan karatu domin wanda ba mai bincike ba. Nunin buɗewa an sa masa suna Tous les savoirs du monde, wato dukkan ilmukan duniya. Gallica, taskar gidan ta intanet, ta biyo baya a 1997. Tsohon gidan na titin Richelieu kuma an gyara shi an sake buɗe shi a 2022, da gidan tarihi, da babban ɗakin karatu na shiga kyauta.

To, ina mu a cikin waɗannan ilmukan duniya? Za mu ɗauki misali uku, ba daidai suke da nauyi ba.

A 1978 taskar ta shirya nuni a kan Léopold Sédar Senghor, yana shugaban Senegal. An karrama shi da irin tsarin da Cain ya kafa, kuma ya shiga jerin ne ta ƙofar da take buɗe, wato rubutu da Faransanci.

A 2017, cikar shekara 100 da haihuwar Jean Rouch, an shirya nuni a kan aikinsa tare da nuna finafinansa. Rouch ba baƙo ba ne gare mu: a hanyar Birnin Ƙonni ya rasu a hatsarin mota a watan Fabrairu na 2004, a Yamai aka binne shi, kuma da yawa daga finafinansa da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane aka yi su, Oumarou Ganda ma a wurinsa ya fara. Amma mai nazarin harshe ba zai kalli Les Maîtres fous bai lura da wani abu ba. Fim ne a kan ƴan ci-rani daga ƙasarmu da suke bautar iskokin Hauka a kusa da Ankara ta Gana, kalmar hauka kuwa tamu ce. Mutanen suna magana, iskokin suna magana ta bakinsu, sai dai muryar da take bisa duka ita ce ta Rouch, yana bayani da Faransanci. Da aka nuna shi a Musée de l'Homme a 1955, Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ƴan Afirka da suke wurin ma sun ji haushinsa, kowa da dalilinsa. Nuna irin wannan fim a zauren taskar ƙasa yana sake tayar da tambayar 1955: wa yake kallon wa, kuma da wane harshe ake fassara masa?

Misali na uku shi ne ya fi damunmu. A watan Afrilu na 1890 Kanar Louis Archinard ya ci Segu, ya kwashe littattafan Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi, aka kai su taskar Paris a 1892, kundi sama da 500. Alhaji Umaru ya zauna Sakkwato a shekarun 1830, ya auri ɗiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ya sa a cikin kundayen akwai ayyukan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello. Ahmadu kansa ya yi gudun hijira gabas, ya ratsa ƙasarmu, ya rasu kusa da Sakkwato a 1897. Sai a 1985 aka buga cikakken jerin abin da ke cikin waɗannan kundaye, wato kusan ƙarni guda suna ajiye kafin mai bincike ya sami jagora.

Matsalar a wurinmu ba ta tsaya ga wanda ya mallaki takardun ba. Irin waɗannan littattafai ba a rubuta su don a karanta su cikin zuciya a ɗakin da aka hana tari ba. A zaure ake karanta su: ɗalibi ya ja baƙi da Larabci, malam ya fassara kalma bayan kalma da Hausa ko Fulatanci, ya tsaya ya warware, masu saurare suna gyara zama. Abin da jadawalin Paris yake kira lecture publique, yana sanar da shi a matsayin shiri na musamman, shi ne karatu na kullum a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa. Saboda haka tsarin nunin da aka gada daga Delisle, shafi guda a bayan gilashi da ɗan bayani a gefe, yana nuna jikin littafin ne kawai, ya bar muryar da aka yi shi dominta. Ko ɗaukar hoton shafuka a sa a intanet, wanda muka yarda babban sauƙi ne ga ɗalibanmu, yana magance nisa ne, ba ya dawo da zauren.

Wannan ya kamata masu tunanin ayyukan al'adu a gidajen ajiyarmu su riƙe, tunda mu ma muna da abin nunawa: rubuce-rubucen Larabci da na ajami da Boubou Hama ya tattara, waɗanda suke ajiye a cibiyar binciken IRSH, da kaset-kaset ɗin tarihin baka na CELHTO, cibiyar da aka kafa a Yamai a 1968. Idan muka kwafi akwatin gilashi muka manta da malamin da zai zauna gefensa ya ja baƙi ya fassara, mun ɗauko mafi tsufan abin da Paris take da shi, wanda ita kanta ta shafe fiye da ƙarni tana ƙara masa lacca da faifai da majigi.

Game da Segu kuwa, a watan Nuwamba na 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru, wanda a da yake ajiye a gidan tarihin soja na Paris, doka ta tabbatar da mayarwar a Disamba na 2020. Littattafan ba su shiga cikin wannan doka ba.