Hanya Biyu Tsakanin Kwamfutoci: Don Kada Aiki Ya Tsaya

Idan kun je Gaya karɓar kuɗin da aka aiko muku, aka ce "babu hanya", sau da yawa layin da ya haɗa ofishin da babbar kwamfuta ne ya katse. Wannan babbar kwamfuta ita ake kira uwar garke. Ita ke riƙe da lissafi.

Me ya sa ake ajiye biyu?

Na'ura takan lalace. Saboda haka ake ajiye uwar garke biyu ko fiye, masu aiki ɗaya. Kowace tana aika wa ƴar'uwarta ɗan saƙo a kai a kai, wanda ake kira bugun zuciya. Idan ɗaya ta yi shiru, ɗayar ta karɓi aikin.

Ina haɗarin yake?

Idan waya ɗaya ce tak tsakaninsu kuma ta tsinke, kowace za ta zaci ƴar'uwarta ta mutu. Sai a wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya: kowace tana rubuta nata lissafi. Ana iya biyan kuɗi ɗaya sau biyu, ko ajiyarku ta ɓace daga rubutu.

Darasi daga ƙasarmu

A watan Yuli na 2009, wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3, wadda ke sauka a Kwatano, ta lalace. Intanet ya ɗauke a Nijar da Togo, domin da ita suka dogara. Haka nan, da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil a 2023, jama'a sun koma ƙetare Kogin Isa da jiragen ruwa. Mai hanya ɗaya, ranar da ta toshe, ya tsaya.

Abin da ya kamata a yi

1. A haɗa kwamfutocin da waya biyu.
2. Kowace waya ta bi nata rami, ta shiga nata akwatin raba layi.
3. Kowane akwati ya sami tasa wutar lantarki ko batir.
4. A ƙara na'ura ta uku a matsayin shaida. Ɓangaren da ya sami rinjaye shi kaɗai zai ci gaba da aiki.
5. A riƙa gwaji: a cire waya ɗaya da gangan, a ga ko aiki ya ci gaba.

Kafin ƙungiyarku ta Tunuga ta danƙa ajiyarta ga wani asusu, ku tambaya: idan layinku ya katse, ina na biyu? Kuma ku adana takardar shaidar kowane biya.