Direban tasin da ya sa Samsung ta nemi gafara

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga rubutun shirin wannan makon.

Yau Koriya ta Kudu za mu leƙa. Da yawanmu wayar Samsung ce a aljihunmu, amma mun taɓa tambayar halin da masu ƙera ta suka shiga?

A 1938 Lee Byung-chul ya buɗe Samsung a garin Daegu, yana cinikin busasshen kifi da taliya. Sai a 1969 aka kafa ɓangaren kayan lantarki. Tun zamaninsa akwai tsari guda da kowane ma'aikaci ya sani: babu ƙungiyar ƙwadago. Za a ba ka albashi mai tsoka, a unguwa a riƙa nuna ka, amma kada ku kuskura ku haɗa kai ku yi magana da murya ɗaya.

Ɗansa Lee Kun-hee ya ƙara tsananta batun inganci. A 1995 ya sa aka tara wayoyi da wasu na'urori kusan 150,000 masu matsala a masana'antar Gumi, aka farfasa su, aka cinna musu wuta a gaban ma'aikata. Saƙon ya isa, kaya suka gyaru. To lafiyar mai yin kayan fa?

A 2003 wata yarinya, Hwang Yu-mi, ta samu aiki a masana'antar Giheung, inda ake yin ƙananan ƙwaƙwalen na'urori. Aikinta tsoma faya-fayan silikon cikin ruwan sinadarai. A 2005 likitoci suka ce kansar jini ce ta kama ta. A Maris 2007 ta rasu a kujerar baya ta tasin mahaifinta, suna hanyar komawa gida daga asibiti. Abokiyar aikinta ma wannan cutar ce ta yi ajalinta.

Mahaifin, Hwang Sang-ki, direban tasi ne daga garin Sokcho. Ba shi da kuɗi, ba shi da uwa a gindin murhu. Ya ce aikin ne ya kashe 'yarsa, kamfani ya musanta. A cewarsa an yi masa tayin kuɗi don ya yi shiru, ya ƙi. A ƙarshen 2007 shi da wasu masu fafutuka suka kafa ƙungiyar Banolim, sai ga iyalai suna ta fitowa da labari irin nasa.

Ku lura da tsawon tafiyar. A 2011 wata kotu a Seoul ta yarda cutar Yu-mi tana da alaƙa da aikinta. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Daga Oktoba 2015 suka kafa tanti a ƙofar ofishin Samsung da ke Gangnam, suka yi zaman dirshan na kwana sama da 1,000, sanyi da zafi. A Nuwamba 2018 shugaban kamfanin, Kim Ki-nam, ya fito bainar jama'a ya nemi gafara, aka amince da diyyar da ta kai won miliyan 150 ga wanda cutar ta kama. Shekara 11 ke nan bayan rasuwarta.

A Mayu 2020 jikan wanda ya kafa kamfanin, Lee Jae-yong, ya yi alkawarin an daina hana ƙungiya. A 2024 ma'aikatan Samsung Electronics suka shiga yajin aiki, karon farko a tarihinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: da a ce akwai ƙungiya a Giheung a 2003, wataƙila da wani ya samu bakin tambayar wane sinadari ne suke shaƙa. Inda ma'aikaci ke tsoron buɗe baki, sai an kai ga makabarta ake jin matsala.

Kai da ke aikin kwantiragi a masana'anta, ke da ke tsaye awa 12 a gaban inji, kun san abin da kuke taɓawa kullum? In wani ya kwanta ciwo a cikinku, wa zai tsaya masa?

Ku rubuto mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.