Kula da Masu Gigin Tsufa a Ƙasar Karfi

Gigin tsufa shi ne mantuwar da ke kama dattijo har ya kasa gane hanyar gida ko fuskar ɗansa. A Karfi ta ƙasar Malumfashi, tun zamanin kakanni, gandu ne ke riƙe da irin wannan tsoho. Uba da 'ya'yansa da jikoki gida ɗaya suke, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Idan hankalin maigida ya fara rauni, babban ɗa kan karɓi ragamar gona, a bar wa tsoho girmansa da buzunsa a zaure. Jika shi ne jagora: ya kai shi masallaci, ya tuna masa lokacin salla, ya faɗa masa sunan baƙo cikin wasan kaka da jika, yadda tsohon ba zai ji kunya ba. Wannan hikima ce babba.

Noman auduga na kasuwa da cirani sun sassauta gandu a ƙarni na 20. Wata mai bincike, Polly Hill, ta nazarci tsarin gandu a Batagarawa cikin littafinta na 1972.

A Turai da Amurka kuwa, don taimaka wa masu gigin tsufa, masu bincike na gwada tabarau mai kwamfuta, irin HoloLens na Microsoft da ya fito a 2016, wanda ke ɗora rubutu da alamu kan abin da ido ke gani, don tuna wa tsoho magani ko hanya. Tsadarsa da ƙarancin lantarki sun sa ya yi wa ƙauye nisa. A Karfi har yau iyali ne ke ɗauke da wannan nauyi, musamman mata da jikoki.