Gwajin Feritin: Yadda Ake Auna Ajiyar Sinadarin Ƙarfe a Jiki

Feritin wani furotin ne da ƙwayoyin halittar jiki ke adana sinadarin ƙarfe a cikinsa, musamman a hanta da saifa da ɓargo. Kamar rumbu yake. Ƙwaya ɗaya ta feritin tana da ɓangarori 24 da suka haɗu suka yi ƙwallo mai rami a tsakiya, tana kuma iya ɗaukar ƙwayoyin ƙarfe kusan 4,500. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vilém Laufberger, shi ya fara ware shi daga saifar doki a 1937.

Kaɗan daga cikin feritin na yawo a jini, gwargwadon abin da ke cikin rumbun. Wannan ɗan kaɗan ɗin ake aunawa. Amma ya yi ƙanƙanta, ga shi cakuɗe da dubban wasu furotin, don haka sai an sami abin da zai gane shi ya kama shi. Aikin antibodi ke nan, wato sinadaran garkuwar jiki da kowanne ke manne wa abu guda da ya sani. Akan yi wa zomo ko akuya ko ɓera allurar feritin na ɗan Adam, jikin dabbar ya ƙera antibodin da ke kama shi, a tace a sa a kayan gwaji. A 1972 wasu likitoci a Kadif ta Birtaniya suka nuna ana iya auna feritin a jini ta wannan hanya. A 1975 kuma Köhler da Milstein suka gano yadda ake samar da antibodi iri ɗaya tak ba iyaka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984.

A gwajin ELISA, antibodi ɗaya na riƙe feritin a jikin faranti, na biyu ya hau kansa ɗauke da abin da ke canza launi. Ƙarfin launin shi na'ura ke mayarwa lamba. Masu bincike na amfani da irin waɗannan antibodi wajen rina yankan nama, su ga inda feritin ya taru a ƙarƙashin madubin likita. Akwai masu bambance nau'insa biyu: H da ya fi yawa a zuciya, da L da ya fi yawa a hanta da saifa.

Ga mai jinya a Gwandu ko Kalgo, gwajin da aka saba yi shi ne PCV. Yana nuna jini ya yi ƙasa, amma ba ya faɗin dalili. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Najeriya na da ƙarancin jini, kuma ba duka ne rashin ƙarfe ya jawo ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna ciki. Idan likita ya rubuta feritin, sau da yawa sai an kai jinin babban ɗakin gwaji a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, ƙasa da maikurogiram 12 a lita ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko ƙasa da 15 ga wanda ya haura haka, na nufin rumbu ya ƙare. Sakamakon da ya yi ƙasa abin yarda ne. Wanda ya fito daidai ko sama shi ke ruɗi, domin feritin na tashi duk lokacin da jiki ke fama da cuta ko kumburi, ko hanta ta taɓu. Yaron da ya tashi daga zazzaɓi da damina na iya samun 25 alhali ba shi da ajiya ko kaɗan. Shi ya sa idan akwai kumburi, hukumar ta ɗaga iyakar zuwa 30 ga ƙananan yara, 70 ga sauran, kuma ya kamata a haɗa da gwajin CRP.

Masu sikila lamarinsu daban ne. Kowace ledar jini da aka ƙara tana shigo da ƙarfe kimanin miligiram 200, jiki kuwa ba shi da hanyar fitar da rarar. Wanda ya sha ƙarin jini sau da yawa feritinsa na iya wuce 1,000, ƙarfen ya illata hanta da zuciya. Irin wannan, duk yadda idonsa ya yi fari, kada a saya masa maganin ƙarin jini a kemis sai an auna.